Da Japan Ta Daɗe a Indonesiya, Da Wace Ƙasa Za a Samu?

A takardar da Sukarno, jagoran 'yan kishin ƙasa wanda ya zama shugaban Indonesiya na farko, ya karanta da hantsin Juma'a, 17 ga Agusta 1945, a ƙofar gidansa da ke Jakarta, cikin watan azumi, akwai wani ɗan abu da ido kan tsallake. A ƙasan jimloli biyun da suka shelanta 'yancin kan Indonesiya an buga kwanan wata kamar haka: rana 17, wata 8, shekara 05. Mai buga tafireta bai yi kuskure ba. Shekarar 2605 ake nufi, bisa lissafin kalandar sarakunan Japan da aka ɗora wa tsibiran tun 1942. Su kansu kalmomin, cikin dare aka tsara su a gidan wani babban hafsan sojan ruwan Japan mai suna Maeda Tadashi, bayan Sarki Hirohito ya sanar da miƙa wuya ranar 15 ga watan.

Wannan 05 ɗin ce ke yawan mayar da ni kan wata tambaya. Da a ce Japan ba ta sha kaye ba, ta ci gaba da riƙe tsibiran nan shekara ashirin ko talatin, da wace irin ƙasa za ta fito daga hannunta? Tambayar tana da nauyi, domin har gobe akwai 'yan siyasa da marubuta masu ra'ayin riƙau a Japan da ke cewa yaƙin da ƙasarsu ta yi na 'yantar da Asiya ne daga hannun Bature. Kuma ba su rasa abin nunawa ba. Japan ce ta horar da samarin da suka zama ƙashin bayan sojan Indonesiya. A zamaninta harshen Indonesiya ya shiga ofis da makaranta. Ita ta fito da Sukarno da abokin gwagwarmayarsa Mohammad Hatta daga inda Turawan Holan, masu mulkin mallakar tsibiran, suka jibge su, ta ba su rediyo da dandalin taro. Duk wannan gaskiya ne. Abin da na yi imani da shi bayan bin diddigin tarihin shi ne, kusan duk abin da ake ƙirgawa a matsayin alherin mamayar, gajartarta ce ta haife shi, da kuma kayen da Japan ke sha a fagen daga. Da ta daɗe cikin nasara, da wuya a samu ƙasa guda mai suna Indonesiya.

Man fetur ne ya kawo Japan. A tsakiyar 1941 Amurka, wadda daga wurinta Japan ke sayen mafi yawan manta, ta rufe mata famfo saboda yaƙin da take yi a ƙasar Sin da kutsen da ta yi a yankin Indochina na Faransa. Rijiyoyin mai mafi kusa suna tsibiran da Holan ke mulka: Tarakan da Balikpapan a Borneo, da Palembang a Sumatara. A Janairun 1942 sojan Japan suka sauka Tarakan, a Fabrairu suka diro Palembang da laima, a Maris kuma rundunar Holan ta ajiye makamai a Kalijati. Mulkin da aka fara kafa harsashinsa tun 1619, lokacin da kamfanin Holan ya gina birnin Batabiya (Jakarta ta yau), ya rushe cikin ƙasa da wata uku.

A wurare da dama jama'a sun fito tarbar baƙin da murna. Akwai wani tsohon zance a tsibirin Jawa da ake dangantawa da Jayabaya, wani sarkin Kediri na ƙarni na 12, cewa wata rana wasu gajerun mutane masu fatsi-fatsin fata za su zo daga arewa su kori farare, su yi mulki na tsawon rayuwar masara, daga nan ƙasa ta koma hannun masu ita. Masara wata uku ce zuwa huɗu. Mutane sun riƙe wannan magana a zuciya suna lissafi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: makonni kaɗan da zuwansu Japanawa suka haramta ɗaga tutar ja da fari, suka hana rera taken 'yan kishin ƙasa, suka rufe jam'iyyu, suka ma hana tattauna makomar ƙasar. Aka juya agogo zuwa lokacin Tokiyo. Masarar nan sai da ta yi shekara uku da wata biyar a gona.

Kafin a zana mamaya mai tsawo dole a ɗauka cewa yaƙin ya ƙare da sulhu, a ce wajen 1943, Amurka ta haƙura ta bar wa Japan abin da ta ci. Abu ne mai wuyar faruwa, ganin yadda masana'antun Amurka suka ninka na Japan sau da yawa, da kuma fushin harin Pearl Harbor. Amma mu ɗauka hakan ta faru. Ba sai mun yi ta lalube cikin duhu ba wajen sanin abin da zai biyo baya, domin Japan ta rubuta niyyarta, kuma ta riga ta nuna salon mulkinta a wasu ƙasashen.

Ranar 20 ga Nuwamba 1941, tun kafin a harba harsashi ko ɗaya a kudu, taron haɗin gwiwa na gwamnati da manyan hafsoshi a Tokiyo ya amince da ƙa'idojin mulkin yankunan da za a ci. Gaba-gaba shi ne kwasar albarkatun da yaƙi ke buƙata, da ciyar da sojan mamaya daga abin da ƙasar ke nomawa, da kuma kauce wa zuga 'yan neman 'yanci tun lokaci bai yi ba. Takarda ta biyu ta fi wannan fito da abin da ke ciki. Ranar 31 ga Mayu 1943, a wani taro a gaban Sarki, aka yanke cewa Bama da Filifin za a ba su 'yancin kai, amma Malaya da Sumatara da Jawa da Borneo da Sulawesi za su zama yankin daular Japan, a matsayin maɓuɓɓugar albarkatu. Aka kuma yanke cewa kada a bayyana wannan sashe ga jama'a. Haka aka yi: Bama ta samu nata 'yancin na suna a Agustan 1943, Filifin a Oktoba, sannan da aka kira babban taron shugabannin Gabashin Asiya a Tokiyo a Nuwamba, babu kujerar Indonesiya. Sai bayan an watse aka kai Sukarno da Hatta suka gaida Sarki, aka rataya masu lambar yabo, suka dawo hannu rabbana.

To yaushe aka fara maganar 'yanci? Ranar 7 ga Satumba 1944, daga bakin Firaminista Koiso, bayan Amurka ta ƙwace tsibirin Saipan, gwamnatin magabacinsa Tojo ta faɗi. Ko a lokacin bai sa rana ba. Kwamitin binciken shirye-shiryen 'yanci, wanda a gabansa Sukarno ya gabatar da ginshiƙai biyar na aƙidar ƙasa, wato Pancasila, ranar 1 ga Yuni 1945, an kafa shi ne lokacin da Manila ta riga ta kuɓuce, ana ta ɓarin wuta a kan biranen Japan. Shi kuwa alkawarin ƙarshe, wanda Marshal Terauchi, babban kwamandan Japan a yankin kudu, ya yi wa Sukarno da Hatta a Dalat ta Vietnam, ya zo ne bayan bom ya faɗa Hiroshima da Nagasaki. Duk wani taki da Japan ta yi wajen sakin mara, ganin uwar bari ne ya sa ta. A duniyar da muke zanawa, wadda babu Saipan babu Hiroshima, shawarar Mayun 1943 ce za ta tsaya.

Akwai kuma batun da na fi ganin ana mantawa da shi, wato yadda aka yanka ƙasar gida uku. Jawa da Madura suna hannun Runduna ta 16 ta sojan ƙasa. Sumatara tana hannun Runduna ta 25, wadda da farko ta haɗa ta da Malaya tana mulkinsu tare daga Singafo, sai a 1943 ta koma Bukittinggi. Borneo ta Holan da Sulawesi da duk tsibiran gabas kuma suna hannun sojan ruwa, da hedikwata a Makassar. Sojan ƙasa da na ruwa a Japan kishiyoyi ne, ba sa ga-maciji. Kowane ɓangare da dokokinsa da jaridunsa, zirga-zirga tsakanin tsibirai kuma ta kusan tsayawa. Duk manyan ƙungiyoyin da aka yarda Sukarno ya jagoranta, irin su Putera a 1943 da Jawa Hokokai a 1944, iyakarsu Jawa.

A yankin sojan ruwa, wanda tun farko aka ware a matsayin wurin riƙewa har abada, ba a wasa da 'yan boko ko sarakuna ko kaɗan. Tsakanin 1943 da 1944, bisa zargin ƙulla makirci, aka kama Sarkin Pontianak da sauran sarakunan yammacin Borneo, da likitoci da malaman makaranta da 'yan kasuwa Sinawa da Malayawa, aka kwashe su a motoci zuwa dajin Mandor aka hallaka. Yankin ya wayi gari babu shugabanni. A tuna cewa tunanin Indonesiya a matsayin al'umma ɗaya jariri ne a lokacin. Rantsuwar samari ta ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya, harshe ɗaya, a 1928 aka yi ta, shekara goma sha huɗu kacal kafin zuwan Japan. A ce wannan rabuwa ta yi shekara ashirin da biyar, yaron da aka haifa a Medan ya tashi yana kallon Singafo a matsayin babban birninsa, na Makassar ya tashi ƙarƙashin gwamnan sojan ruwa bai taɓa jin muryar Sukarno ba. Me zai haɗa su da ɗan Surabaya? Iyakokin da mai mulkin mallaka ya shata, in suka daɗe, sukan zama na gaske, kuma ita kanta taswirar Indonesiya ta yau shatar Holan ce.

Ga wanda ke son ganin Japan a matsayin mai mulkin mallaka na dogon zango, ga Taiwan da ta riƙe daga 1895, ga Koriya daga 1910. An gina layukan dogo da tashoshin ruwa da masana'antu da makarantu, wannan babu musu. Amma a duba inda tafiyar ta dosa. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka yi ta ture harshen Koriya daga makarantu. A 1940 aka matsa wa iyalai su ɗauki sunaye irin na Japanawa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 suka yi rajista, tunda rashin yi na iya hana ɗanka makaranta. A 1942 aka kama masanan da ke haɗa ƙamus na harshen Koriya, wasunsu suka mutu a kurkuku. Makarantun mishan da suka ƙi kai ɗalibai su rusuna a wuraren bautar Shinto, rufewa suka yi.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna batun harshe a Indonesiya. An haramta harshen Holan tun shigowa, Japananci kuma babu wanda ya iya, ga gwamnati na buƙatar magana da talakawa yau-yau. Dole ce ta sa aka rungumi harshen Indonesiya, har aka kafa hukumar ƙirƙiro masa kalmomi a 1942. A lokaci guda kuwa Japananci darasi ne na tilas a makaranta, ana yi wa ma'aikata jarrabawarsa. Da an samu tsara guda da ta tashi a haka, harshen Indonesiya zai koma na kasuwa da sanarwar mai unguwa, ilimi mai zurfi da babban muƙami kuma su koma na mai jin Japananci.

Sai dai ban ga yadda za a yi wa Jawa abin da aka yi wa Koriya sak ba. Mutanen tsibiran sun kai miliyan 70 a lokacin, kusan daidai da yawan mutanen Japan ɗin kanta, kuma kimanin miliyan 50 daga ciki a Jawa suke. Haɗiye irin wannan jama'a ya fi ƙarfin maƙogwaro. Abin da ya fi kama hankali shi ne samfurin Manchukuo, ƙasar da Japan ta ƙirƙira a arewa maso gabashin Sin a 1932. Tana da tuta, da take, da sarki mai suna Puyi, da ministoci 'yan ƙasa. A bayan kowane minista akwai mataimaki Bajapane wanda shi ke riƙe da alƙalami, a bayan kowa kuma akwai kwamandan rundunar Kwantung, wato sojan Japan da ke yankin. Ina ganin bayan wasu shekaru da an yi wa Jawa irin wannan riga, watakila da Sukarno a kan kujera in ya yarda, in ya ƙi kuma a ɗauko wani daga gidajen sarautar Yogyakarta ko Surakarta. Mai da roba da kuza, waɗanda galibinsu a Sumatara da Borneo da ƙananan tsibiran Bangka da Belitung suke, su zauna kai-tsaye a hannun Tokiyo.

Ta fuskar tattalin arziki, abin da mutanen Jawa suka gani a shekara ukun nan ya isa a tsaya a kansa. Turawan Holan sun gina tsibirin ne don sayar wa kasuwannin duniya sukari da shayi da kofi da roba. Japan ba ta iya sayen wannan kaya ba, tana ma da sukarinta a Taiwan, ba ta kuma iya kawo yadi da sauran kayan masarufi da aka saba shigowa da su ba. Jiragen yaƙin Amurka masu nutso suna ta kifar da jiragen dakonta. Tufafi ya yi wuya har mutane suka koma ɗaura buhun algarara, mai ƙaiƙayi da kwarkwata, wasu ma faifan ɗanyar roba. Aka tilasta wa manomi ya miƙa kaso na shinkafarsa a farashin gwamnati, aka hana fitar da shinkafa daga lardi zuwa lardi, aka sa shi shuka zurma a gefen gona da bakin hanya don man injin jirage. Fari ya zo a 1944 ya tarar da rumbu wayam. Ƙiyasin masana tarihin tattalin arziki ya nuna mutum fiye da miliyan biyu ne yunwar 1944 zuwa 1945 ta ci a Jawa.

Ga kuma romusha, kalmar Japananci mai nufin lebura, wadda a Indonesiya ta zama sunan azaba. Ta hannun dagatai da hakimai ake ɗiban su, kowane ƙauye da adadin da zai kawo. Miliyoyi suka yi aikin tilas a cikin Jawa. Kimanin 270,000 aka tsallaka da su zuwa wasu tsibirai da ƙasashe, har layin dogon Bama da Tailan, waɗanda aka mayar gida bayan yaƙi kuwa ba su wuce 52,000 ba. Sukarno da kansa ya shiga farfagandar ɗiban, har aka ɗauki hotonsa da malafa a wurin aiki, kuma daga baya ya amsa da bakinsa cewa ya tura mutane ga mutuwa. Mata da 'yan mata da yawa kuma aka tsare su a gidajen da sojoji ke lalata da su, tabon da waɗanda suka rayu suka ɗauka har tsufa. Guguwar ta taɓo har ƙasarmu: da Malaya ta faɗa hannun Japan, Ingila ta rasa kuzarta, sai ta juyo kan ma'adinan Jos, aka yi ɗiban gwamna daga 1942 zuwa 1944, talakawa daga lardunan Arewa suka yi ta mutuwa da sanyi da yunwa da cuta a kan tsauni. Wasu dubbai kuma aka kai su dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 suka gwabza da sojan Japan ido da ido.

Adalci ne a faɗi cewa da an yi sulhu, teku ta buɗe, da yunwar ta lafa, yadi ya dawo kasuwa. Mamaya a lokacin zaman lafiya ba za ta yi muni irin na 1944 ba. Amma tsarin ba zai sauya ba, kuma Koriya ta sake zama shaida. A shekarun 1920 da 1930 noman shinkafa ya bunƙasa a can, fitar da ita zuwa Japan ya fi bunƙasa, har abin da Bakoriye ke ci ya ragu, ya koma cika cikinsa da geron da ake shigowa da shi daga Manchuriya.

Inda nake ganin mamaya mai tsawo za ta ci karo da dutse shi ne addini. Japan ta shigo da shirinta a kan Musulmi. Tun 1938 aka buɗe masallaci a Tokiyo, kuma a Jawa ta yi abin da Holan ba ta taɓa yi ba: ta jawo malamai, waɗanda ake kira kiai, cikin harkar mulki, ta buɗe ofishin harkokin addini, ta shirya masu kwasa-kwasai, a Nuwamban 1943 kuma ta haɗa manyan ƙungiyoyin Musulmi biyu, Nahdlatul Ulama da Muhammadiyah, ƙarƙashin inuwar Masyumi. Ta gane cewa talakan ƙauye maganar malaminsa yake ji fiye da ta ɗan boko.

Amma akwai seikerei. Kowace safiya, a makaranta da ofis da wurin taro, ana jera mutane a ba da umarni, su juya fuskarsu zuwa fadar Sarki a Tokiyo su sunkuya sosai. Daga Jawa, Tokiyo tana arewa maso gabas, alƙibla kuma tana yamma. Mutum ya ba wa Ka'aba baya ko gefe, ya yi abin da bai da maraba da ruku'u, ga wani ɗan Adam da ake cewa jikan allahiyar rana ne. Hasyim Asy'ari, wanda ya kafa Nahdlatul Ulama, dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, ya ƙi, aka tsare shi watanni a 1942. Haji Rasul, babban malamin Minangkabau ta yammacin Sumatara, a wani taron malamai a Bandung a 1943, kowa ya miƙe don rusunawa shi ya ci gaba da zamansa a gaban hafsoshin Japan. A Aceh, tun Nuwamban 1942 Teungku Abdul Jalil da almajiransa suka yi fito-na-fito da soja a Cot Plieng. A Singaparna ta yammacin Jawa, Kiai Zainal Mustafa ya yi haka a Fabrairun 1944, da almajirai masu adduna da gorar da aka fiƙe, aka kama shi aka kashe shi a Jakarta.

Japanawan da ke Jawa sun sassauta daga baya, har suka naɗa shi Hasyim Asy'ari shugaban ofishin addini a 1944, ɗansa Wahid Hasyim na gudanarwa. Amma wannan sassauci na mai neman taimako ne a lokacin da yaƙi ya juya masa baya. Daular da ta ci nasara, wadda duk ginin halaccinta ya tsaya a kan tsarkin Sarki, wadda ba ta ɗaga wa Kiristocin Koriya ƙafa ba, ban ga dalilin da zai sa ta ɗaga wa Musulmin Jawa har abada ba. Su kuma malaman nan suna da makarantun kwana, pesantren, a kowane lungu, da almajirai masu biyayya, abin da 'yan sandan soja na Kempeitai ba za su iya rufewa duka ba. Rikicin da zai fi daɗewa ya fi zubar da jini, a ganina, daga nan zai taso.

Saura hujja mafi ƙarfi ta masu yabon Japan, wato soja. A Oktoban 1943 aka kafa PETA, rundunar sa-kai ta tsaron ƙasa, wadda ta kai mutum wajen 37,000 a Jawa, kuma 'yan ƙasa ne ke riƙe da ita har matakin kwamandan bataliya. Turawan Holan ba su taɓa yarda da haka ba. Daga cikinta Sudirman ya fito, malamin makarantar Muhammadiyah da ya zama babban kwamandan yaƙin 'yanci, haka ma Suharto, wanda daga baya ya gaji Sukarno a shugabancin ƙasa. A ƙarshen 1944 aka ƙara da wata runduna mai suna Hizbullah don samarin Musulmi. Ba don waɗannan ba, da wuya jamhuriyar ta iya tsayuwa gaban Ingila a Surabaya a Nuwamban 1945, balle ta ja da Holan har zuwa Disamban 1949. Amma me ya sa aka kafa su? Japan na kwashe sojanta zuwa wasu fagagen, tana tsoron saukar abokan gaba a gaɓar Jawa, tana neman wanda zai tare mata harsashi. In babu wannan tsoro babu dalilin ba wa ɗan ƙasa bindiga da muƙami. Kuma ko a hakan ta ga abin da ke biyo baya. Ranar 14 ga Fabrairu 1945 bataliyar PETA ta Blitar ta yi bore ƙarƙashin wani matashin hafsa, Supriyadi, wanda ganin halin da romusha ke ciki na daga abin da ya tunzura shi. A Maris kuma Aung San, jagoran 'yan kishin ƙasar Bama, ya juya rundunar Bama a kan waɗanda suka horar da ita. Gwamnatin da ba ta cikin matsi, da ta ga Blitar, kwance ɗamarar rundunar za ta yi, ko ta mayar da ita 'yan doka ƙarƙashin hafsoshi Japanawa. Hasali ma, kwanaki kaɗan bayan miƙa wuya, abin da Japan ta yi ke nan: ta karɓe makaman PETA ta sallame su.

Abin da zai daɗe ya yi jijiya shi ne na'urar sa ido. A 1944 aka shigo da tonarigumi, aka kasa gidaje goma zuwa ashirin ƙarƙashin shugaba ɗaya, ta hannunsa ake rabon shinkafa da yadi, ta hannunsa ake sanin baƙon da ya kwana a gidan wa. Tsarin ya yi wa masu mulki daɗi har bai mutu da tafiyar Japan ba, shi ne tushen rukun tetangga, wato ƙungiyar maƙwabta, da ke kowace unguwa a Indonesiya yau. Shekara ɗaya da rabi kawai ya yi a hannun Japanawa. A ce ya yi ashirin, tare da Kempeitai, da mari a bainar jama'a wanda ya zama ruwan dare ga duk wanda bai rusuna wa soja daidai ba. 'Yan kishin ƙasa irin su Sutan Sjahrir, da suka ƙi haɗa kai suna sauraron rediyon waje a ɓoye, ba za su kai labari ba. Amir Sjarifuddin an kama shi tun 1943 aka yanke masa hukuncin kisa, roƙon Sukarno da Hatta ne ya tsirar da wuyansa.

In na rufe ido na hango shekarar 1960 ta wannan duniyar, wadda a kalandarsu za ta zama 2620, ga abin da nake gani. Jawa mai tuta da shugaba da majalisa, da jakadan Japan wanda ya fi shugaban iko. Sumatara haɗe da Malaya, matatun Palembang na aiki dare da rana, man na tafiya arewa. Gabas a hannun sojan ruwa da kamfanonin Japan na katako da kamun kifi da ma'adinai. Tsirarun 'yan boko masu jin Japananci da suka yi karatu a Tokiyo, waɗanda daga cikinsu ne wata sabuwar tsarar masu neman 'yanci za ta fito, kamar yadda ta fito daga makarantun Holan. A duwatsun Aceh da yammacin Jawa kuma yaƙin sunƙuru da ba ya ƙarewa, a hannun almajirai da tsofaffin 'yan PETA. 'Yanci zai zo wata rana, domin Japan mai mutum miliyan saba'in da 'yan kai ba za ta iya danne Sin da Koriya da duk kudu maso gabashin Asiya har abada ba. Amma zai zo a makare, ga ƙasashe uku ko huɗu, bayan an kashe ko an lalata sunan mutanen da a tarihin gaske suka ɗinke tsibiran wuri guda. Shi kansa Sukarno, shekara uku na haɗa kai da Japan ya iya wankewa da shelar 17 ga Agusta. Shekara ashirin a kujerar Puyi ba ta wankuwa.

A tsakiyar Sumatara akwai wani layin dogo mai tsawon kilomita kusan 220, daga Muaro zuwa Pekanbaru, wanda Japan ta sa aka sara ta cikin fadama da kurmi da kwazazzabai don jigilar kwal da soja ba tare da bi ta tekun da jiragen Amurka ke farauta ba. Romusha daga Jawa ne suka yi mafi yawan aikin, tare da fursunonin yaƙi 'yan Holan da Ingila da Ostareliya, kuma dubun-dubatar romushan a gefen layin aka binne su, wasu ma ba a binne ba. An haɗa ƙarfen ƙarshe ranar 15 ga Agusta 1945, ranar da Sarki ya yi jawabinsa a rediyo. Layin bai yi aikin da aka gina shi dominsa ba. Jiragen da suka bi ta kansa sun kwaso waɗanda suka rage da rai ne daga sansanoni, daga nan daji ya rufe shi, har yau ana tarar da tsofaffin kawunan jirgi sun yi tsatsa a cikin gonakin mutane. Da sulhun nan da muka ɗauka ya tabbata, da washegari kwal ya fara bi ta kansa zuwa tashar ruwa, da kuma an aika wa dagatan Jawa sabon adadin mutanen da za su kawo don layi na gaba.